Wa Ya Goya Wa

Hajiya Barira ta ce, "Rubuta inji.
Injin matsar gyaɗa muke so, shi ke nan."
Mata goma sha bakwai a wani zaure na Bagalam,
hannuwansu na ƙyallin mai, duk suka amince.
Na rubuta shi a saman takarda.
Amma ni an ɗauke ni aiki ne
in tambayi kowace buƙata: ke, wa ya goya ki?

Inji ya ce sai da wuta.
Wuta ta ce sai da mita.
Mita ta ce ina takardar fili?
Takarda na ƙasan adaka da sunan marigayi Nomau,
ƴaƴansa shida ba su raba gado ba,
autansu na haƙar zinariya a Jado,
wayarsa a kashe tun shukar gero.

Na koma ta ɗaya hannun.
Mai saye daga Yamai yana son kwalba mai tambari.
Tambari na jiran gwajin mai,
gwaji na jiran gyaɗar da ba ta sha raɓa ba,
gyaɗa na jiran rufin kwano,
rufi na jiran bashi,
bashi kuwa ya ce sai ya ga wasiƙar mai saye.
Haka jar akuya ke zagaya turke
har igiya ta kai mata wuya.

Kwana uku ina jan kibiya daga wannan zuwa wancan,
har takarda ta koma kamar saƙar gizo.
Can a gefe, kusa da inda shayi ya ɗiga,
na ga abu biyu da ba su jiran kowa:
tampol, da sikeli.
Jaka arba'in da biyar.

Da na faɗa, zaure ya yi tsit.
Hajiya ta ce, "Mun aike ki neman raƙumi,
kin dawo da akala."
Tsohuwa Tsayaba ba ta ɗaga kai daga ɓarar gyaɗa ba,
ta ce, "Rumbun ubana
duwatsu aka fara jerawa, bai ji kunya ba."

Inji na nan a rahotona, lamba ta tara.
Ban soke shi ba.
Kowace Juma'a bayan la'asar
Hajiya kan kira lambar Jado,
ta saurara, ta mayar da waya cikin lalita,
ta ce wa mai riƙe da sikeli, "Karanta, nawa?"