Mai Yatsa Huɗu

Ruwan sama ne ya koro ni,
ba neman tarihi ba.
Na yar da guduma, na kutsa cikin kogon
da ke bayan dutsen da muke fasawa,
arewa da Daura, inda tifa ke juyawa.

Da ido ya saba da duhu
sai ga hannu.
Wani ne ya kifa tafinsa a dutse,
ya guntsi jar ƙasa, ya fesa,
ya ɗauke.
Jan ya zagaye gurbin, hannun ya tafi abinsa.

Bakwai na ƙirga.
Biyu na yara ne, can sama
inda yaro ba ya kaiwa sai an saɓa shi a wuya.
Ɗaya na hagu ne, babu ƙaramin yatsa.

Na dubi nawa.
Guduma ta ci shi shekarar da aka haifi Tabawa.
Na ɗora.
Ya zauna kamar murfi a bakin tukunya.

Kai, mai yatsa huɗu, me ya ci naka?
Hauren gyado? Igiyar tarko?

Ina jin ba ka taɓa tada kunya ba,
daji ne rumbunka, ba ƙofa, ba jinka.
Kanya ta nuna, ku kwana gindin kanya,
ɗinya ta yi baƙi, ku bi ta,
rani ya tsananta, ku sauka tafkin
da kakarka ta ce ba ya ƙafewa.
Ku ƙone ciyawa, barewa ta zo wa toho.
Ku haƙa rogon daji, ku mai da kansa rami
saboda baɗi,
ko saboda wanda zai biyo baya da yunwa.

Ni kuwa shekara uku muna shari'a da ɗan baffana
kan taku goma sha biyu da wata tsohuwar kuka.
Ran da aka yanke, suka kama babban yatsana,
suka dangwala a tawada:
nan nawa ne.
Har yau ba ma gaisawa.

Naka tafin me ya ce?
Nawa ne? Ko dai: na kwana nan, ruwa na sauka?
Ban sani ba. Dutse bai faɗa ba.

Ruwa ya ɗauke. Lado na ƙwala kira,
wai gobe nan ɓangaren za mu kunna wa wuta,
tifa goma ake jira a birni.
Na fito ina karkaɗe riga.
Na ce, "Wannan ruɓaɓɓe ne, maigida,
tsakuwarsa ba ta riƙe siminti."
Ya yi tsaki, ya nuna gabas.

Allah Ya yafe mini ƙaryar.

Da dare Tabawa ta zuba min ruwan wanke hannu.
Na daɗe ban tsoma ba.