Farin Ƙyalle

Ran Talata ya shigo Ɗaki Takwas
bisa babur mai tari kamar tsoho,
Lawali malamin gona, yaron jiya,
gemunsa bai kai na ɗan akuya ba.
Muka ce, to, ga taki ya iso.
Muka leƙa bayansa, babu buhu,
sai tsohuwar rigar auduga ɗaya.

Ya yaga ta biyu a gindin tsamiya,
ya ce, "Wa zai ba ni aron gona?"
Na miƙe, don duk faɗin garin nan
ba wanda ya fi ni sharar gona.
Tun bazara nake tara kara in cinna,
in bi kututture da gatari
har ta yi tas kamar faranti.

Rabi ya binne a tawa, zurfin taƙi.
Rabi ya kai gonar Anaruwa,
wanda muke wa dariya a majalisa:
gona kamar kan da bai san aska ba,
kara a kwance, sabara na toho,
gawo uku ya hana a taɓa,
ga kashin shanun Jaɓɓi ko'ina
don shi ke ba su masauki da rani.

Ya ce, "Sai bayan kwana sittin."
Ruwa ya sauka. Muka manta da shi.

Gero ya fara ciki, sai ga tarin babur.
Na tono nawa da hannuna.
Ga shi lafiya lau, sai ɗan jan ƙasa,
in an wanke a ɗinka wa yaro hula.
Na ɗaga shi sama kowa ya gani:
ku shaida, gonata ba ta cin amana!

Na Anaruwa kuwa sai zare,
sai bakin ɗinkin da ya gagara.
Ƙasar ta fito baƙa, da sanyinta,
da ƙamshi irin na ruwan fari,
ga tana biyu na murɗawa a tafin Lawali.

Bai yi mini dariya ba, wannan na yaba masa.
Ya ce, "Baba, ƙasa mai rai ci take yi.
Wadda aka ajiye wa ta bari,
ba ƙoshi ba ne."

Na yi shiru. Inna na tuna,
shekarar da ta bar mu,
yadda akushi ke dawowa a rufe
muna cewa ai ta ƙoshi.

Damina goma ina zagin taki,
ina cewa na yanzu jabu ne.
Buhu biyu ya koma huɗu,
dami hamsin ya koma ashirin da ɗoriya,
wuta-wuta na yi mini ado da fure.
Ashe ni ke ƙone mata tuwo
in miƙa mata gishiri ta lasa.

Bana ashana ba ta bar aljihu ba.
Na bar kara ya kwanta inda ya faɗi,
gara ta zo, ban kore ta ba.
Na sa wake tsakanin kunyoyi,
na kai wa Jaɓɓi goro da kaina,
na ce shanunsa su kwana a gabas,
wajen fakon da ya fi taurin kai.
Yanzu ni ake wa dariya.
Anaruwa kaɗai ke wucewa ya ce sannu.

Lawali ya ce kada in yi gaggawa,
jinyar ƙasa takan kai shekara uku,
wataƙila ma ta wuce.
Ni kuma shekaruna sun yi nisa,
ban sani ba ko ni zan ci, ko jikana.

Ƙyallen nan dai na mayar da shi
ramin da ya fito, na sa dutse.
Yau kwana arba'in da ɗaya.
Da yamma nakan je in tsuguna,
in dafa wurin, ban tona ba,
kamar mai jinya a bakin ƙofa
yana jira a leƙo a ce masa:
ta ɗan taɓa.