Farar Ƙasa Ba Salla Ba

Ran Talata na shafe katangata da farar ƙasa,
ba Salla, ba suna, ba mai dawowa daga Makka.
Kafin ta bushe Goggo Dudu ta leƙo:
"Malam Jibir, wa za a aurar?"
Na ce gara ce ta dame ni.
Ta ce, "Gara? Allah ya sawwaƙe,"
ta ƙulle maganar a bakin zane kamar kuɗin cefane
ta yi gaba.

Na roƙi Siddi dillali:
kar ka zo da rana, kar ka zo da mota,
kar ka tsaya a ƙofa kana auna gida da ido.
Ya zo bayan isha'i, a ƙafa, da tocila,
ya taka daga zaure zuwa rijiya
yana ƙirga sawunsa a ƙasan maƙoshi.
Da safe a teburin mai shayi
Bappa Manu ya hura kofinsa ya ce wa iska,
"Ɓarayin yanzu sai sun yi lissafi kafin su shiga."

Herwagana ke nan.
In ka yi atishawa a ɗaka
daga bakin titi za a yi maka addu'a.

Mai saye na farko, na ce ɗan ƙanwata ne daga Kumo.
Na biyu, mai duba mita.
Na uku ya zo da matarsa,
tana jijjiga taga, tana leƙa madafa,
har ta ɗanɗana ruwan rijiyar.
Na rasa sunan da zan ba su,
na ce masu ƙidaya ne.
"Ƙidayar gida ɗaya?" in ji Bappa Manu.
"Mu ba mutane ba ne?"

Abin da ban faɗa ba
yana ƙarƙashin katifa, a ninke huɗu:
takardar asibiti, wankin ƙodar Dija sau biyu a mako,
ga fansho da ke zuwa kamar ruwan famfon layinmu.
Ba talaucin nake ɓoyewa ba,
shi wannan ai tare muke sallar asuba da shi.
"Allah sarki" nake gudu,
wanda ake faɗa da kai a karkace,
da ranar da kowa zai yi wa gidan ubana farashi
yana tauna goro.

Na je wurin mai unguwa sa hannu
ana tsuga ruwa, layi ba kowa.
Na dawo na tsaya gindin lemon da na dasa
shekarar da aka haifi Umaima.
Shi ma yana cikin ciniki, ashe.
Ba wanda ya rubuta shi, ba wanda ya cire shi.

Daren tashi muka naɗe kwanuka a tsumma
don kar su tona mu.
Na ce da mai a-kori-kura ya kashe inji tun daga kwana,
mu turo ta.
Na zare sakata a hankali.

Ga Bappa Manu da igiya a kafaɗa.
Ga 'ya'yan Kawu Ardo huɗu sun naɗe hannun riga.
Ga Goggo Dudu da kunu a fulas, yana tururi.

Ta ce, "Tun ranar farar ƙasa muka sani.
Mai niyyar zama ba ya shafe waje ya bar ciki."
Ta kwance bakin zanen nan,
ta danƙa wa Dija abin da layi ya tara,
tsofaffin ɗari biyar-biyar masu ƙanshin daddawa.
Ba wanda ya ce Allah sarki.

Aka ɗaure gado, aka ɗaure buhun littattafai,
ladan ya gyara murya.
Bappa Manu ya ja igiyar ƙarshe, ya matso kunnena,
idonsa jajir, wai hayaƙin mota ne:
"To yanzu da komai ya wuce, Jibir,
tsakaninka da Allah,
nawa suka biya?"