Ajiyar Tafki

Intisar ta zo daga Madani da bututun roba,
tsawon hannu biyu, garai-garai kamar kwalba.
Ta ce, Kawu, tuƙa ni tsakiya,
inda gora ba ta taɓa ƙasa.

Na tuƙa. Mai Wurno ta rage a bayanmu,
daga hasumiya sai kawunan darbejiya.
Ruwa luf, kamar bai taɓa cin mutum ba.

Ta zura bututun da igiya, ta jawo.
Laka ta fito jere, hawa bisa hawa,
baƙa, ja, toka-toka, baƙa kuma,
kamar tufafin da aka ninke a adaka
aka manta da makulli.

Ta ɗora farce. Nan, in ji ta,
shekarun da jirgi ke feshin auduga.
Na tuna su. Muna yara muna bin inuwarsa da gudu,
raɓarsa na sauka mana a ka,
muna dariya.
Nan kuma, sama kaɗan, zaibar masu wankin zinariya,
ta gangaro daga tuddan da ban taɓa takawa ba.
Tsakaninsu man inji, ruɓaɓɓen batir,
da gwangwanin da ni kaina na jefa
ranar da na gama da tsutsar kuɓewata.

Na ce, ai ya wuce, 'yata. Ruwa ya ci.
Ta ce, bai ci ba, Kawu. Ya dai ajiye.

Shekara arba'in da ɗaya ina jefa taru a nan.
Na ɗauka abin da ya nutse ya mutu.
Ashe laka ba kabari ba ce, rumbu ce,
kuma rumbu yana da ranar buɗi.

In zafi ya tsananta, ƙasan ruwa ya rasa numfashi,
sai laka ta saki abin da ta riƙe.
In damina ta cika, aka ɗage ƙofofin Sannar,
sai kogi ya shigo da muciyarsa
ya tuƙa gindin tukunyar nan,
duk ƙanzon ya tashi ya bi arewa.

Arewa akwai Ɗayyib mai yin bulo,
wanda ke kurkure baki a gaɓa kafin alwala.
Akwai gonar albasar surukaina.
Akwai randar wata mata da ban sani ba,
da moɗar da yaronta ke miƙa hannu ya ɗauka.

Tarwaɗa a laka take kwana.
Ni na fi kowa sanin haka,
ni ke ɗora ta a sikeli ran kasuwa
ina rantsuwa cewa ta safiyar yau ce.
Ban yi ƙarya ba.
Sai dai abin da ke cikinta ya girmi mai saye.

Kakata kan ce ruwa ba ya tsami banza.
Wannan ko tsamin bai yi ba.
Na ɗiba da tafi na ɗanɗana, ruwa ne,
sanyi, da ɗan ƙanshin ciyawa.

Intisar ta toshe bututun, ta rubuta kwanan wata,
ta rungume shi kamar jariri mai zazzaɓi.
Muka juyo. La'asar ta yi.
Tarun da na kafa da asuba yana motsi, da nauyi,
na tsaya da filafili a hannu
ina kallonsa.