Babi Na Huɗu

Shekara shida ke nan ina hawan danfo
daga Agege zuwa Akoka,
kundina cikin leda biyu saboda ruwan Yuni.
Ni in jiƙe, ba komai.
Fata tana bushewa, tawada ba ta yafiya.

Farfesa Fagbemi ba ya ɗaga murya,
jan biro ke yi masa faɗa.
Babi na biyu ya dawo mini sau bakwai
kamar an yanka kaza a kansa.
"Ina ra'inki, Uwani? A kan me kika tsaya?"
Na ce a raina: a kan kwandon tumatir,
nan na tsaya tun ina 'yar shekara tara.

Don batuna kasuwa ce, Mil Sha Biyu:
yadda 'yan gwari ke zaɓen shugaba,
wa ke raba rumfa, wa ke karɓar kuɗin ƙasa,
me ke kawo ɗan takara da sassafe
ya durƙusa gaban mai albasa
wata huɗu kafin zaɓe, daga nan sai a hoton bango.

Mutum sittin da uku na ɗauki muryarsu.
Baba Ɗan'asabe ne na sha tara.
Kwana uku ya bar ni tsaye a bakin rumfa,
ran na huɗu ya turo benci da ƙafa, ya ce:
"Yarinya, ƙuri'a tumatir ce.
Ranar da aka sauke ta take da daraja.
Ki kwana da ita, ki sayar da asara."
Na rubuta. Na sa masa lamba, ba suna,
haka ƙa'idar bincike ta ce.
Ya rasu cikin azumin bara.
Har yau in na kunna, ga tarinsa nan,
ga 'yan dako a bayansa suna neman hanya.

Daren ƙarshe an ɗauke wuta tun magariba.
Inna ta riƙe mini fitilar waya
ina maimaita jawabin minti ashirin
ga ita da kyanwa da buhun barkono.
"Duk wannan takarda a kan su Ɗan'asabe?
Ai da ni kika tambaya."

Na fita ƙarfe biyar. Oshodi ta riƙe mu awa da rabi,
kwandasta na rigimar canjin ɗari biyu,
ni ina jan sunayen manazarta a gaɓoɓin yatsu.

Su biyar ne bayan tebur, fanka na juyi da ƙyar.
Baƙuwar mai jarrabawa daga Ibadan
ta buɗe shafi na ɗari da arba'in da ɗaya:
"Wannan na sha taran, kin ɗora babi guda a kan maganarsa.
Wane masani ne ya goya masa baya?"
Miyau ya ƙafe. Duk Turawan da na haddace
suka yi layar zana.
Na ce, "Ranki ya daɗe, zaɓe tara ya gani daga rumfa ɗaya.
Alƙalumana na shafi na gaba. Bayansa suka bi."
Ta juya shafin. Ta daɗe a can.
Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

Suka ce in jira a waje.
Daga baranda ana hango ruwa,
wani masunci a kwalekwale yana jefa taru,
ba ruwansa da hukuncin kowa.
Minti ashirin da biyar, ƙofa ta buɗe.
"Ƙananan gyare-gyare, wata uku. Barka, Dakta."

Na zaci zan yi kuka. Yunwa na ji.

Na hau motar Ketu, kundin na cikin ledarsa.
Rumfar na nan, ɗansa ne a kan bencin.
Na rasa ta inda zan fara gaya masa,
sai na sayi ƙaramin kwando,
ban nemi ragi ba.