Shekara Ashirin a Bayan Kalanda

Ni ne magatakarda, ni aka miƙa wa biro.
Littafin taro ya cika tun kafin Ista,
sai muka sauke kalandar bara daga bango
muka kifa ta a kan benci.

An tashi sujada, rana ta take,
kwanon rufi na ƙas-ƙas a bisa kanmu.
Baikon shekara uku na cikin gwangwanin madara:
jika ɗari huɗu da 'yan kai.

Fasto Barnaba ya ce kowa ya faɗi abin da yake hange.

Filibus ya hango sola da lasifika,
a ji waƙarmu har bakin tasha.
Damaris ta ce rijiya,
ta shafa wuyanta, ba ta ƙara ba.
Malam Abarshi ya doka sanda a ƙasa:
Bulo!
Tun shekarar da Gulbi ya hau unguwa
bangon gabas ya dare kamar diddigen manomi.

Daga nan baki ya yi yawa.
Na rubuta, na soke, na rubuta.
Wani ya tono rigimar kujerun bara waccan.

Iya Cima na can bencin baya.
Ta ɗaga hannun nan nata mai yatsu uku
da ta fito da shi daga asibitin Danja.
Ta ce, duk kun faɗi abin da kuke so ku gani kafin ku mutu.
Wa zai faɗi wanda za a gani bayan an rufe mu?
Ku kira min yaran nan.

Suka shigo da ƙafafu butu-butu, ƙwallo a hammata.
Lidiya, mai giɓi, ta ce ungozoma za ta zama.
Sila ya ce shi babbar mota zai ja zuwa Kwanni.
Ɗan autan Damaris ya sunkuyar da kai:
shekararsa tara, bai san harafin sunansa ba.

Iya ta ce, a gonarmu ta Tibiri
ubana ya bar tsiron gawo ɗaya a jikin kututture,
ana yi masa dariyar raggon sassabe.
Bai taɓa zama a inuwarsa ba.
Ni na zauna. A nan na yaye 'ya'ya biyar.

Shiru, har muka ji kukan kurciya.

Na ja layi ashirin a bayan kalanda.
Bango ya zo farko, Abarshi ya fi mu gaskiya,
sai ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga,
kuma yau mun ga na cikinmu.
Rijiya ta biyu, bakinta a wajen katanga,
maƙwabta su ɗebi na alwala ba sai sun yi sallama ba.
Sai rumfar karatu, sai allo, sai malama guda.
Asusun Lidiya, dala-dala, kowace Lahadi.

Lasifika ta faɗa layi na shida.
Filibus ya tashi ya fita, ƙofa ta bugu.
Amin ɗinmu ma bai fito baki ɗaya ba,
wasu a gaba, wasu na jan ƙafa.

Daga layi na sha biyu biro ya tsaya.
Fasto ya ce a bar sauran haka,
masu cikawa ba su gama famfara ba tukuna.

Litinin da asuba na zo auna bango,
na tarar da baro cike da yashi,
Filibus a bayansa, fuska a ɗaure.
Bai gaishe ni ba. Ya dai miƙo min shebur.

Shekarata hamsin da takwas.
Na ɗora ashirin a kai, a zuci,
na haɗiye lissafin.
Na haƙa rami a kusurwar da Iya ta nuna,
na sa ɗan mangwaron da bai kai gwiwata ba,
na kewaye shi da ƙaya saboda awaki.