Maɓallin Aika

A kantin Hamajoda, bakin kasuwar Garwa,
akwai maɓalli mai garaje.
Yatsan Dijatu ya shafe shi jiya,
buhu arba'in na shinkafa suka tafi Kuseri
a takarda, ba farashi.

Yau na buɗe cikin manhajar.
Ban goge maɓallin ba,
mai gina shi ba wawa ba ne.
Layi ɗaya na dasa gabansa:
dakata,
abin da ka saba, bar shi,
leƙa gurbin sefa tukuna.

Dijatu ta danna. Shiru.
Sai jan rubutu: cike farashi.

Ni kuwa na tuna maganar da na yaɓa wa ƙanena
ranar Laraba,
ba layin da ya tare ta.